Neman sitiyarin da zai yi magana da hannu

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yanzu da wuta ta ɗan daidaita bayan dogon duhun da muka sha a ƙarshen Oktoba, na buɗe littafin wannan aiki. Niyyata in sayi sitiyarin wasan tseren mota, in kafa shi a ɗakina na ƙofar gida a nan Tudun Wadar Kaduna kafin azumi ya kama. Tun zamanin wasan Gran Turismo Sport nake tuƙi da fad, wato abin riƙon nan mai maɓallai da 'yan sanduna, a na'urar PlayStation 4 (PS4), kuma na kai inda babban yatsa ba zai ƙara mini komai ba. Duk tafiyar ɗan sandar fad ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ɗaya ba, a cikinta kuwa ake so mutum ya raba kwana mai faɗi da kwana mai tsini.

Abin da ya zaburar da ni ranar Alhamis ya faru. Autanmu ya aro wani sitiyari mai araha daga gidan gem ɗin abokinsa, muka ɗaure shi a tebur. Digiri 270 kawai yake juyawa, ko zagaye ɗaya bai cika ba. In ka sake shi roba ce ke mayar da shi tsakiya, in mota ta hau dakalin gefen hanya sai ya yi ta karkarwa kamar waya a aljihu. Baba ya leƙo zai wuce masallaci, ya tsaya yana kallonmu. Tsohon direba ne, ya fara da yaron mota a babbar mota, ya ƙare da 504 ta ma'aikata, irin wadda aka fara haɗawa a Kakuri a 1975. Shekara biyar ke nan da muka roƙe shi ya ajiye makulli bayan aikin ido. Auta ya ce, "Baba, ku taɓa ku ji." Ya kama da hannu biyu, ya juya dama, ya juya hagu, ya saki. Ya ce, "Wannan ai ba ya magana." Ya wuce masallaci.

Da dare na bi shi ɗaki na tambaye shi abin da yake nufi. Ya ce mota takan gaya wa direba komai ta sitiyari kafin ido ya gani. In tayar gaba ta fara sulɓi, sitiyari yakan yi sakayau a hannu. In ka shiga yashi yakan yi nauyi. In baya ya fara kwashewa, sitiyarin da kansa zai nemi juyawa inda ya kamata, kai dai ka bi shi. Abin da Baba ya faɗa shi ne ainihin abin da masu ƙera waɗannan na'urori ke sayarwa da tsada, wato injin lantarki a cikin akwatin sitiyari da ke tura hannunka daidai da abin da tayoyin motar wasan ke yi. A littafin nan martani zan riƙa kiransa. Duk sitiyarin da ba shi da shi ya fita daga lissafina tun yau, komai arharsa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Dare huɗu ina kallon bidiyon mutanen da suka kwance nasu suka nuna hanjin ciki. Sunaye suna da yawa, amma hanyar da ƙarfi ke bi daga inji zuwa hannu uku ce.

Akwai mai haƙora. Shi ne Logitech G29, wanda ya fito a 2015, ɗan G27, jikan G25 na 2006. Ƙananan injuna biyu ne ke juya haƙoran da ke juya sitiyari. Yana zagaya digiri 900, zagaye biyu da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, kusan yadda ƙaramar mota take. Ƙarfinsa ya ɗan haura Nm 2. Na jima ban gane wannan ma'auni ba sai da na mayar da shi nauyi: Nm 1 kamar ka rataya kilo ɗaya ne a tazarar santimita 10 daga tsakiya. A gefen sitiyari irin wannan, Nm 2 kamar kilo ɗaya da rabi ne ke jan hannunka. Haƙora suna daɗewa, sai dai suna da ƙara, kuma akwai ɗan gurbi a tsakiya inda martani ke yin shiru kafin haƙori ya kama ɗan'uwansa.

Akwai mai bel, irin Thrustmaster T300 RS. Inji ɗaya ne babba, bel biyu ke ɗauko ƙarfinsa, yana kai digiri 1080, ƙarfinsa ya kusa Nm 4. Bel ba ya ƙwanƙwasa kamar haƙori, shi ya sa yake da santsi da shiru. T150 da T248 na kamfanin gauraye ne, bel da haƙora a haɗe.

Na uku shi ne mai haɗin kai-tsaye, inda sitiyari ke ɗaure a kan sandar injin kanta, babu haƙori babu bel a tsakani. A da na masu kuɗi ne kawai, har Fanatec ya fito da CSL DD a 2021 mai Nm 5, wanda ke kai 8 in an sa masa babbar adafta. Moza R5 yana da 5.5. Manyansu akwai masu kai 25, irin waɗanda ake haɗa musu maɓallin kashewa na gaggawa saboda za su iya gurɗa wuyan hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amfanin ƙarfin ba kokawa ba ce. Ƙaramin inji in ya riga ya ƙure ƙarfinsa wajen nuna nauyin kwana, ba shi da sauran abin da zai nuna ƙaramin sulɓin taya da shi. Babban inji yana da sarari, nauyin kwana daban, raɗar taya daban. Kamar rediyo ne da aka ƙure muryarsa, ana jin ƙara amma ba a rarrabe kalmomi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ni da Auta mun zaga shagunan gem na wajen titin Ahmadu Bello da gefen Kasuwar Gumi. Ƙwallo ce kasuwar garin nan. Fad kala-kala, faifan ƙwallo, na faɗa, amma da ka ambaci sitiyari sai a nuna maka irin wanda Baba ya ƙi. Shago na bakwai ne muka ga Logitech a kwali, an ajiye shi can sama. Zuciyata ta buga. Yaron shagon ya sauko da shi yana cewa, "Oga, guda ɗaya ya rage, yana yi a kan kowace na'ura."

Auta ne ya tsayar da ni. Ya ce, "Yaya, dubi maɓallan." A, B, X, Y ne a jiki, ba alwatika da da'ira da gicciye da murabba'i ba. G920 ne, tagwayen G29, amma na Xbox da kwamfuta. In ka jona shi a PS4 ba zai tuƙa komai ba, domin kowane kamfanin na'urar wasa yana da ɗan guntun tantancewa da sai na'urar ta gan shi a cikin sitiyari take karɓarsa. Na yarda yaron bai sani ba, shi a wajensa duk sitiyari ne. Na nuna masa rubutun gefen kwali don kada gobe wani ya kai gida ya dawo da rigima.

Tarkon ya fi muni a G923 na 2020, domin suna ɗaya ne ga iri biyu, na PlayStation daban, na Xbox daban. Mai saye ta waya ya nemi hoton maɓallan kafin ya tura ko sisi. Kwamfuta ce kaɗai ba ta zaɓe.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na cire mai kai-tsaye daga lissafi, kuma abin ya yi mini ciwo, domin shi raina ya fi so. Moza R5 ba ya yi a PlayStation, a kwamfuta yake yi, tsohuwar kwamfutata kuwa ba za ta ɗauki manyan wasannin tsere ba. Masu yi a PlayStation, irin Gran Turismo DD Pro na Fanatec da G Pro na Logitech mai Nm 11, in aka juya farashinsu zuwa naira, aka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan, sun ninka abin da na ware sau da yawa. Ga shi kamfanin da ya mallaki Fanatec a Jamus ya shiga matsalar bashi a bana, kamfanin Corsair ya sayi Fanatec ɗin a Satumba. Ko babu wannan ma, tambayar da na kasa amsawa ita ce: ranar da wuta ta zo da ƙarfi ta taɓa shi, wa zan kai wa a Kaduna?

Asabar, 14 ga Disamba

Gani ya kori ji. Na hau jirgin safe daga Rigasa zuwa Kubwa wajen wani abokin karatuna da ke da T300, maƙwabcinsa kuma yana da G29. Muka jera su a falo ɗaya, wasa ɗaya, mota ɗaya, hanya ɗaya: Mazda Roadster a Tsukuba ta Japan, hanya mai tsawon kilomita biyu da ɗan kai, gajeriya yadda za ka maimaita kwana ɗaya sau ashirin ba ka gaji ba.

Ba zan ɓoye ba, T300 ya fi daɗi. A doguwar kwanar ƙarshe nauyi yana taruwa a hannu a hankali, kuma daidai lokacin da tayar gaba ta gaza sai ya saki, kamar yadda Baba ya kwatanta. In baya ya kwashe, sitiyarin yana gudu da kansa da sauri har ka iya sakinsa ka sake cafkewa. G29 ma yana faɗin duk wannan, sai dai a taƙaice, kuma in ka hau dakali haƙoran suna amsawa har na ɗakin kusa ya ji. A miƙaƙƙiyar hanya na ji ɗan gurbin nan na tsakiya. Bayan zagaye goma hannuna ya daina lura da shi.

Da muka zauna cin abinci na riƙa juya su ina duba bayansu, a nan lissafi ya sauya. T300 na'urar wutarsa a cikin akwatinsa take, igiya ce kawai ke zuwa bango. Yana da fanka a ciki, kuma an ƙera shi ya rage ƙarfi in ya ɗau zafi don ya kare injinsa. A falon abokina mai na'urar sanyaya ɗaki wannan ba komai ba ne. Ni ɗakina rufin kwano ne, na san yadda yake a Maris da Afrilu, na kuma san abin da fanka ke zuƙa a watan hunturu. G29 ba shi da fanka, adaftarsa a waje take, mai bol 24. In wuta ta yi ɓarna, mafi yawa adafta za ta fara ci, ita kuwa ana samun madadinta ko a kai wa mai gyaran rediyo.

Sai maganar ƙafa. G29 da feda uku yake zuwa, totur da birki da kuloci, fuskarsu ƙarfe. T300 na asali biyu ne, sai nau'in GT ne mai uku. Kuma Logitech yana da sandar giya mai lamba shida da ribas da ake saye daban ba da tsada sosai ba. Tun daren da na yi magana da Baba nake da wani tunani da ban gaya wa kowa ba, kuloci da giya kuwa suna cikinsa.

A jirgin dawowa na yanke shawara. G29, na hannu, mai lafiya. An sayar da shi da yawa a duniya cikin shekara tara, saboda haka gwanjonsa da kayan gyaransa ba za su yi wuya ba. Na san na bar wanda ya fi daɗi, na ɗauki wanda zai zauna da ni.

Asabar, 21 ga Disamba

An haɗa ni da wani mai sayar da kayan Beljiyam a wajen Barnawa. Na tafi da kwamfutata, domin ba a gwada sitiyari da ido. Da na jona wuta ya juya da kansa har ƙarshen dama da ƙarshen hagu ya dawo ya tsaya a tsakiya cak. Wannan alama ce mai kyau, haka lafiyayye ke gaisuwa. Fatar jikinsa ba ta ɓare ba, maƙallan tebur biyu ba su tsage ba, duk maɓallai suna amsawa.

Da na buɗe shafin gwaji na taka totur a hankali, sai layin da ke nuna taku ya riƙa tsalle. Ƙafata a tsaye, layi yana rawa tsakanin rabi da cikakke. Na saki gaba ɗaya, bai koma sifiri ba. Mai kayan ya ce, "Alhaji, ɗan mai kawai za a sa masa." Na tambaye shi inda yake ajiye shi, ya nuna kanta a bakin ƙofa, babu kwali babu leda, tun kafin hunturu ya shigo.

Abin da ke auna taku a cikin fedar irin abin da ke cikin maɓallin ƙara muryar tsohon rediyo ne, ɗan harshe yana goga a kan zobe. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya ji ƙarar yashi ya san abin da ƙura ke yi masa. Fedar T248 da maganaɗisu take aunawa, babu abin da ke gogar wani, kuma da a ce sabo zan saya da wannan kaɗai ya isa ya sa in sake tunani. Ana iya kwance ta a wanke da maganin fesa na masu gyaran lantarki, amma ban san iya cin da zoben ya yi ba. Na yi masa godiya na taho.

Asabar, 28 ga Disamba

Alhamdu lillahi, an samu. Wani ma'aikaci ne a Malali da aka yi wa canjin wurin aiki yake rage kaya. Da kwalinsa, da sandar giya, feda ukun duk layinsu yana hawa sumul yana sauka sifiri. Na karanta jikin adaftar kafin in jona, tana karɓar bol 100 zuwa 240, saboda haka wutarmu ta 230 ba za ta dame ta ba. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka wasu 110 kawai suke sha, dubawar minti ɗaya ce. Mun daidaita, na rungumo shi a Keke Napep har gida.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Mako guda ina fama da abin da ban sa a lissafi ba. Teburin da nake da shi na roba ne, duk lokacin da sitiyari ya yi martani teburin ne ke amsawa, rabin maganar a ƙafafunsa take ƙarewa. Feda kuma tana da 'yan ƙayoyi a ƙasa da aka yi don kafet, ɗakina kuwa tayil ne. Birkin yana da tauri da gangan, akwai guntun roba a cikinsa da ke kwaikwayon birkin mota, saboda haka in na taka da ƙarfi feda ta yi gaba, kujera ta yi baya. Na tokare fedar da bango, Auta ya riƙe mini kujera. Ba a tuƙi haka. Ashe rabin sitiyari mazauninsa ne.

Asabar, 11 ga Janairu

Panteka. Wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka hayaniya ce kawai, amma duk abin da aka zana a takarda akwai mai fitar da shi a ƙarfe a wurin nan. Na nuna wa wani mai walda hoton mazaunin da ake sayarwa a Turai. Ya duba, ya juya wayar, ya ce, "Oga, wannan ai gadon ƙarfe ne da kujera. Kawo kujerar tukun, a kanta za mu yi awo." Muka zaga wajen masu kayan tsofaffin motoci na samo kujerar direba ta 406 da layin dogonta, yadda za ta riƙa matsawa gaba da baya, domin ni da Auta tsawonmu ba ɗaya ba ne.

Wajen awo na kira Baba a waya. Ya ce in jingina bayana sosai, in miƙa hannu, wuyan hannuna ya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. Ƙafa kuma in na take birki har ƙasa, gwiwa ta rage da ɗan lanƙwasa. Na riƙe sitiyarin a iska, Malam mai walda yana aunawa yana zanawa da alli a ƙasa. Bututu mai kusurwa huɗu muka zaɓa, mai kauri, da faranti biyu, ɗaya na sitiyari ɗaya na feda, da ɗan hannu a dama na giya. A ƙarƙashin sitiyarin da fedar akwai ramukan bol M6, na roƙe shi ya huda faranti daidai da su, na kuma ja kunnensa a kan tsawon bol ɗin, domin dogo yana iya shiga ya taɓa kayan ciki.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun ɗauko jiya. Farantin feda yana lanƙwasawa kaɗan in na taka birki, muka mayar ya ƙara masa tokari biyu a ƙasa, ko kwabo bai karɓa ba. Yanzu ko motsi. An shafa baƙin fenti, na sa guntayen tsohuwar taya a ƙafafun don kada ya ci tayil. Sitiyarin da na sani a teburin roba ba shi ne wannan ba. Abubuwan da nake zaton ba ya faɗa, ashe yana faɗa, tebur ne ke haɗiyewa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wuta tukun. Sitiyari da PS4 da talabijin duk sun koma bayan sitabilaiza, kuma dokar ɗakin ita ce da an ɗauke wuta a zare filogi, kada dawowarta ta same su a jone. A kan ƙaramin janareta ba na kunna shi. Inbata tana ɗaukarsu duka na awa biyu da wani abu in ba a kunna fanka ba. Wata wahalar ita ce Gran Turismo 7 yana son intanet kafin ya buɗe yawancin sassansa, ranar da sabis ya yi rauni sai in koma Gran Turismo Sport, wanda tun da aka rufe sashensa na intanet a Janairun 2024 yake yi ba tare da ita ba.

Sai saiti. Da farko na ƙure ƙarfin martani zuwa 10, ina ganin na biya kuɗi a ba ni duka. Sitiyari ya yi nauyi ɗaya daga farkon kwana har ƙarshenta, babu hawa babu sauka. Maganar rediyon nan ce. Da na sauke zuwa 4 sai ya yi sauƙi amma ya fara rarrabewa, ina jin lokacin da taya ke gab da saki.

Makon farko na fi kaina da fad jinkiri da daƙiƙa uku a Tsukuba, raina ya ɓaci ƙwarai. Ina juya sitiyari fiye da kima, ina kuma take birki kamar maɓalli. Na kashe layin taimako, na koma jarrabawar lasisin B ta cikin wasan, ta tsayawa da ta kwana ɗaya ɗaya, kowane dare rabin awa. Daren jiya na wuce tsohon lokacina da kusan rabin daƙiƙa. Abin da ya fi lokacin daɗi shi ne na yi zagaye takwas a jere ba wanda ya bambanta da ɗan'uwansa sosai, da fad ban taɓa yin haka ba. A ƙafa ribar take, sakin birki a hankali yayin shiga kwana.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau na fitar da tunanin da na ɓoye. Na sa Euro Truck Simulator 2 a tsohuwar kwamfutata, wasan tuƙa tirela ne na 2012, ba ya neman babbar na'ura, na jona ta da talabijin. Na saita digiri 900 cif, kuloci da giyar hannu. Bayan la'asar na je na ce, "Baba, ku zo ku duba mana aikin nan, ko awon ya yi." Da sunan duba awo ya yarda.

Ya zauna, ya laluba ƙarƙashin kujera ya ja ta gaba ba tare da ya duba ba, hannunsa ya san inda ƙarfen yake. Ya gyara tabarau. Na nuna masa motocin, ya zaɓi DAF. Ya taka kuloci, ya sa giya, mota ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Ya ce, "Kulocin nan ba ya gaya maka inda ya kama." Gaskiya ne, ƙarfen sifirin mai mayar da feda ne kawai a cikinsa, daga sama har ƙasa nauyi ɗaya. Na ce, "Ku saurari inji, Baba, da kunne za ku kama shi." Na ƙara murya. Karo na uku tirela ta ɗaga.

Daga nan ban sake cewa komai ba. Ya fita daga ma'ajiyar kaya yana duba madubi, ya buɗe kwana sosai kafin ya karya don bayan tirela ya wuce, abin da ni sai da na kaɗe fitilun titi da yawa kafin na koya. Hannunsa yana bin sitiyari yana miƙa wa ɗaya hannun, ba ya haɗa su giciye. Ya ƙi wuce 70. Da kaya suka kai shi tashar jirgin ruwa a Faransa ya tsallaka Ingila, na ce masa a nan hagu ake bi. Ya yi murmushi ya ce a hannun nan ya koyi mota, yana kan hanyar Zariya a Afrilun 1972 lokacin da Nijeriya ta koma dama, makonni direbobi suna tuna wa juna da hon. Ya shiga shataletalen farko ta hagu kamar jiya ya bari.

Inna ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Minti arba'in ya yi, har ya ajiye tirela da ribas a karo na biyu. Da ya ja birkin hannu Auta ya kasa haƙuri ya ce, "Baba, wannan fa, yana magana?" Ya shafa fatar sitiyarin da babban yatsa. Ya ce, "Yana yi. Muryarsa ce ƙasa-ƙasa, kuma ya yi ƙanƙanta. Amma yana yi." Aka kira magariba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Azumi saura kwana biyu ko uku, aikin ya kai inda na so. Tela ya ɗinka mini riga biyu da yadin kujera, ɗaya ta sitiyari ɗaya ta feda, kuma ba a barin ɗakin sai an rufe su, ko fita sallah ce. Zafi ya fara, zan riƙa taɓa akwatin bayan kowace awa in ji yadda yake ɗauka.

Abu biyu suka rage. Birki nake so in mayar mai auna nauyin taku maimakon nisan taku, akwai kayan da ake sayarwa don fedar nan, amma sai bayan Sallah in aljihu ya farfaɗo. Na biyu buƙatar Baba ce, yana son a sa babban sitiyari irin na mota. Na gaya masa inji mai Nm 2 in aka ɗora masa faɗi da nauyi muryar za ta ƙara yin ƙasa. Ya ce to a nemo mara nauyi a gwada. Ranar Asabar zan koma Panteka da ma'auni in duba ko akwai na ƙaramar mota da bai fi santimita 33 ba, in kuma tambayi Malam ko zai iya yanka farantin da zai haɗa ramukan.

Tirelar Baba tana ajiye a wani gidan mai kusa da iyakar Holan da lodin katako. Ya ce kada wanda ya taɓa masa, bayan tarawihi zai ƙarasa.